Kafin ’yan gwangwan su ɗora tarihin gyaɗar Jigawa a kan sikeli

Duk wanda ke da takardar Naira 200 a aljihu, ya juya bayanta ya duba. Ban da shanu da kayan gona, akwai buhuna da aka jera suka yi tsini kamar dutse. Tun shekarar 2000 wannan takarda ke yawo a hannun jama’a, mai shayi a Jahun na ba da canji da ita, ɗan acaɓa a Dutse na karɓarta. Amma a tsayar da matashin da ke riƙe da ita a tambaye shi inda aka taɓa yin irin wannan dala, amsa ɗaya zai bayar: Kano. Da wuya ya ce Malam Madori, alhali garin na cikin wuraren da aka yi dalar gyaɗa. Da wuya kuma ya san cewa wani kaso na buhunan da suka hau dalar Kano ɗin ma daga gonakin kakanninsa suka fito.

Ba laifin matashin ba ne. Babu inda zai je ya gani. Jihar Jigawa ta haura shekara 30 da kafuwa, tun 27 ga Agustan 1991, amma idan ana lissafa wuraren tarihinta, abin da ake ambata shi ne zanen duwatsun Birnin Kudu, fadojin sarakuna, da dausayin Baturiya inda tsuntsaye ke sauka daga Turai. Duk sun cancanta. Sai dai akwai wani tarihin da ya fi kusa da talaka, wanda ke kwance a gefen layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru: tashoshin jirgi, sito-sito, kantunan kamfanoni, gidajen ma’aikatan reluwe, da filayen da aka tara gyaɗa. Ya kamata jihar ta ƙidaya abin da ya rage daga cikinsu, ta kare shi da doka, ta kuma mayar da ko da wuri ɗaya filin shaƙatawa da koyon tarihi, tun ana iya gane inda kowane abu yake.

Labarin kansa ya isa a ba yara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma Turawan da suka shimfiɗa dogon auduga ce a ransu. Masaƙun yankin Lankasha a Ingila na neman inda za su samu auduga ban da Amurka, har suka kafa ƙungiyar BCGA a 1902, wadda ta gina injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau. A Funtuwa har yau akwai unguwar da ake kira Bisije saboda ita. Amma manoman ƙasar Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin. Auduga dai masaƙan gida na sayenta da daraja fiye da yadda Bature zai biya. Gyaɗa kuwa ana haɗa ta da gero a gona ɗaya, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta faɗi a ci ta, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli. Sai suka karkata ga gyaɗa, kuma cikin ’yan shekaru ta cika taragun da aka tanadar wa auduga. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya yi littafi sukutum a 1978 a kan wannan, inda ya nuna cewa shawarar manoma da ’yan kasuwar Hausa ce ta kafa cinikin, ba umarnin Gwamna ba.

Daga nan aka miƙa dogon gabas, ya isa Nguru a 1930, tafiyar kusan kilomita 230. Ya ratsa Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, wato ya tsaga ƙasar da yau ake kira Jigawa gida biyu. Manyan tashoshi suka zama kasuwanni. Kamfanoni irin su UAC da John Holt da G.B. Ollivant, da Kwarori, da attajiran gida irin su Alhassan Dantata, wanda ake danganta fara dalar gyaɗa da shi, suka baza wakilai da sikeli suna jiran kaka.

Jahun ba ta kan layin. Wannan ne ma ya sa rabonta a labarin ya fi wahala kuma ya fi saurin ɓacewa. Manomin Jahun ko Harbo ko Aujara sai ya tuge gyaɗa, matan gida su ɓare ta, a ɗura, a ɗora wa jaki ko raƙumi, a ƙetare kogin Haɗeja kafin a kai inda sikeli yake. A can kuma ga malamin awo, ga ’yan baranda, ga mai karɓar haraji yana jiran nasa. Sannan ga ’yan dako, waɗanda ke hawa dalar da buhun da ya kusa nauyinsu a ka, su taka buhu su ɗora buhu, har dala ɗaya ta kai buhu 15,000. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin wani gini ba.

Akwai kuma abin da masu kirarin dalar gyaɗa ba su cika faɗa ba. Dalar alamar arziki ce, gaskiya ne, amma alamar cunkoso ce kuma. An tara buhunan ne saboda jirgin ba ya iya kwashe su zuwa Legas da saurin da suke shigowa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bushewar hunturu ta sa ana iya ajiye su a fili, in damina ta kusa a lulluɓe da tamfol. Yaron da ya tsaya a filin aka yi masa wannan bayani ya koyi darasin sufuri da ajiya da ba zai manta ba, fiye da wanda aka rubuta masa a allo.

Yadda abin ya ƙare sananne ne. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta tsumburar da gyaɗa a faɗin Arewa, kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Motocin dakon kaya suka ƙwace aikin jirgi. Layin Nguru ya daɗe da daina ɗaukar kaya irin na da.

Abin da ke faruwa da ginin da aka daina amfani da shi a ƙasar nan kuwa kowa ya sani. Kwano ne ke fara tafiya, sai ƙofa da taga, sai katako. In rufi ya tafi, damina biyu ko uku sun isa bango. Ƙarfe kuwa yanzu kuɗi ne tsaba. Ba sau ɗaya ba sau biyu ba jami’an tsaro suka sha kama tireloli maƙare da ƙarafan dogo da aka yanka a sassan ƙasar nan, har Jihar Borno ta kai ga haramta sana’ar jari-bola a 2023. Tsohon sikelin da ya auna gyaɗar ƙasa guda, a wurin mai sayen ƙarfe kilo ne kawai. Filin da ya rage kuma, sai a wayi gari an yanka shi shaguna. Wanda ya je Kano yau yana neman inda dalar Ƙofar Mazugal ta tsaya, sai ya yi tambaya wurin dattawa. Idan birnin da ya yi suna da dalar bai riƙe nasa ba, babu dalilin zaton na ƙananan garuruwa zai tsira da kansa.

Abin takaicin shi ne, can ɗaya bakin cinikin, inda kayan ke sauka, sun adana nasu. Masaƙar Cromford a Ingila, wadda Richard Arkwright ya gina a 1771 tana kaɗa zare da ƙarfin ruwa, ta lalace har an mayar da ita wurin haɗa launin fenti. Ba gwamnati ce ta fara ceto ta ba, wata ƙungiyar sa-kai ce ta saye ta a 1979 ta shiga gyara kaɗan-kaɗan, kuma a 2001 UNESCO ta sa kwarin da take ciki a jerin wuraren tarihi na duniya. Port Sunlight, garin da kamfanin sabulun Lever ya gina wa ma’aikatansa kusa da Libaful, yana nan da gidan tarihinsa, kuma wannan kamfanin ne ya zama Unilever, uwar UAC ɗin da ke sayen gyaɗa a nan. Wato ɗan Ingila na iya kai ’ya’yansa su ga inda aka sarrafa kayan, ɗan Jigawa ba shi da inda zai nuna wa nasa inda aka noma su aka auna.

Misalin da ya fi dacewa da aljihun Jigawa shi ne na Duisburg a Jamus. Masana’antar narkar da ƙarfe ce da aka rufe a 1985. Maimakon a rushe ta ko a mayar da ita sabuwa, sai aka bar ta da tsatsarta, aka tsare wuraren da ke da haɗari, aka dasa itatuwa, aka buɗe ta ga jama’a a 1994. Tankin gas ya zama wurin koyon nutso, bangon rumbun ma’adinai ya zama wurin wasan hawa, shiga kuma kyauta ne. Ba wai a kwaikwayi nutso a Gagarawa ba. Abin ɗauka shi ne, kango ba sai an yi masa fenti da tayil yake zama abin kallo ba. A cikin gida ma an gwada: Gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta, Legas, ƙungiyar sa-kai ta Legacy 1995 ce ta gyara shi ya zama ɗan ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa.

To, amma akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Na farko zai ce: jihar da ambaliya ta ɗaiɗaita a 2022, wadda ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta da asibitocin da ke neman ma’aikata, ina ta ga kuɗin lallashin kango? Wannan magana gaskiya ce idan abin da ake nufi shi ne kwangilar biliyoyi. Kuma a nan ne haɗarin yake, domin da zarar an ce “yawon buɗe ido” sai wani ya zo da zanen katafariyar dalar siminti da ƙofar shiga mai fitilu. Ba a bukatar wannan. An ga dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022, an yi biki, an ɗauki hoto, an kwashe. Abin da ake bukata a matakin farko bai wuce mota ɗaya, malaman tarihi da ɗalibansu daga Jami’ar Tarayya ta Dutse da Jami’ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da ’yan makonni suna bin layin tasha-tasha suna rubuta abin da ke tsaye, suna aunawa, suna ɗaukar hoto ba. Takardun kamfanoni da rahotannin jami’an mulkin mallaka na nan a Ma’ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Kuɗin wannan bai kai na taron bita guda a otal ba.

Na biyu zai ce: masana’anta farfaɗo da ita ake yi, ba a mayar da ita wurin ɗaukar hoto. Inda za ta farfaɗu, a farfaɗo da ita, babu mai musu. Amma a duba Kakuri. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya tun 2002, UNTL ta bi ta a 2007, ana ta alƙawarin tayar da masaƙun yankin gwamnati bayan gwamnati, tsofaffin ma’aikata da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu. A cikin wannan jira ba a samu masana’antar ba, ba a kuma adana tarihin ba. Sannan babu wanda zai sake tara gyaɗa a fili yana jiran jirgin gawayi. Wannan zamani ya wuce, saura a yanke shawarar abin da za a yi da sawunsa.

Na uku ya fi zafi: me ya sa za a karrama kayan Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka shimfiɗa dogo don su kwashe arziki? Ai shi ya sa ma ya kamata a bar shi a tsaye. Hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Da irin wannan rarar gwamnatin Jihar Arewa ta sa hannun jari a masaƙar Kaduna, ta kuma taimaka wajen kafa Jami’ar Ahmadu Bello a 1962. Ke nan manomin Miga da bai taɓa shiga aji ba yana da bulo a Samaru. Wannan ba tarihin Bature ba ne, tarihin gumin talaka ne, da daɗinsa da cutarsa. In an rushe wurin, an rushe shaidar abin da aka karɓa daga hannunsa.

Kuma maganar ba ta tsufa ba. Yau riɗi da zoɓorodo ne ke barin Jigawa a buhu, su bi ta Maigatari da Kano zuwa tashar ruwa, zoɓorodon har Meziko, akasari ba tare da an sarrafa su a nan ba. Tsarin da aka yi da gyaɗa ne, tirela kawai ta maye gurbin tarago. Matashin da ke sayen riɗi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, da ya san yadda cinikin kakansa ya tashi da yadda ya faɗi cikin shekara kaɗan saboda fari da cuta da dogaro da mai saye ɗaya, da tambayoyin da zai yi wa ’yan siyasa sun bambanta.

Akwai damuwa ta huɗu da iyaye za su kawo, cewa irin waɗannan wurare kan zama matattarar ’yan shaye-shaye. Kangon da aka yi watsi da shi ne ke zama haka, kuma yanzu ma a yashe yake. Maganinsa a cika shi da mutane. Tsohon sito ɗaya ya zama ɗakin hotuna da kayan aiki: sikeli, buhun algarara, mangalar jaki, turmi, fitilar mai ba jirgi hannu, tikiti. Wani a ba masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa haya, kuɗin ya biya mai gadi. A shata murabba’in dala ɗaya a ƙasa da duwatsu, daidai faɗinta na asali, yaro ya zagaya da ƙafa ya ji girmanta. Sauran filin a dasa darbejiya da tsamiya da dabino, a sa famfo da wurin alwala da benci. Garuruwan Jigawa na da filin Idi da filin ƙwallo, amma inda magidanci zai kai iyalinsa su zauna a inuwa ranar yawon Sallah ba tare da ya yi tattaki zuwa gidan zu na Kano ba, sai an bincika.

Wa zai yi? Tashoshin da filayensu na Hukumar Jiragen Ƙasa ce ta tarayya, kuma ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa aikin Hukumar Gidajen Tarihi ce da aka kafa a 1979. Wannan ne uzurin da aka saba fakewa da shi. Sai dai tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023, harkar jirgin ƙasa ta koma jerin abubuwan da jiha ma ke da ikon yin doka a kansu, don haka zama da hukumar a nemi aron tasha ɗaya na shekaru ba abin da ya gagara ba ne. Masarautun Ringim da Gumel da Haɗeja, waɗanda layin ya bi ta ƙasarsu, suna da bakin da za su hana a yanka filin kafin a gama magana. Hakimi ɗaya da ya ce “wannan wuri ba a taɓa shi” ya fi takardar ma’aikata goma aiki.

A faɗaɗa ma’anar ma. Masana’anta ba da jirgi ta zo ƙasar Hausa ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar ya tarar ana kai su har Timbuktu da Tarabulus, kuma yawancin aikin a garuruwan karkara ake yin sa. Kusan duk tsohon gari na da unguwar da ake kira Marina ko Maƙera ko Majema. A wurare da yawa karofin ya cike da shara, sunan kawai ya rage. Karofin Ƙofar Mata ya tsira ne saboda ana aiki a cikinsa kuma baƙi na zuwa. Masu ƙidayar su haɗa da waɗannan, domin a nan ne garuruwa irin Jahun da Kiyawa, da ba su da tasha, za su samu nasu shafin.

Lokaci kuma ba ya jira, ta fuska biyu. Sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure, yana kuma da reshe zuwa Dutse. Abin farin ciki ne. Amma ranar da sabon jirgi ya fara busa, tsohon layin Nguru zai ƙara nisa da zukatan masu mulki, kuma filayensa za su ƙara shiga idon masu neman fuloti.

Ɗaya fuskar ta fi gaggawa, kuma ba ta bukatar sa hannun Gwamna. Gini kan jira shekara goma, mutum ba ya jira. Wanda ya hau dala da buhu yana ɗan shekara 20 a 1970, yanzu ya haura 70. Matar da ta ɓare gyaɗar, da mai jakin, da malamin awon, da mai tsaron tashar, waɗanda suka rage suna zaune a zaure ko a ƙofar gida, kuma jikokinsu na riƙe da wayar da ke naɗar murya. A tambaye su nawa ake sayen buhu, wane kamfani ne ya fi cuta a sikeli, me ’yan dako ke ci kafin su fara hawa, wace shekara ce gyaɗa ta ƙi, da kwana nawa jaki ke yi daga Harbo zuwa Ringim idan kogi ya kawo.